Ƙaho Ko Akwati: Tsofaffin Lasifikun Duniya a Ma'aunin Anka, Gummi da Bukkuyum

A Ingila da Amurka da Japan akwai mutanen da ba su da hirar da ta wuce ta lasifika, kuma tsohuwa suke so, wadda aka ƙera kafin Nijeriya ta samu 'yancin kai ko a shekarun da suka biyo baya. Suna bin gwanjo, su sayi akwatin katakon da ya shekara 50 ko 60 a kan kuɗi mai tsoka, su kai shi gida su zauna gabansa shiru kamar almajiri gaban malam. In aka ce su lissafa gwanayen lasifikun tarihi, sunayen ba su cika canzawa ba: Klipschorn, Altec Voice of the Theatre, Tannoy, AR-3, Quad ESL, JBL L100, sai 'yar ƙaramar LS3/5A ta BBC. Mutumin Anka ko Gummi ko Bukkuyum zai iya cewa wannan zance ne na wanda ya ƙoshi. Amma shi ma lasifika ce ke ta da shi da asuba, da ita yake jin tafsirin azumi, ta bakinta ake sanar da shi jana'iza da ɓatan yaro da ranar rigakafi, ita ce kuma mai maganin gargajiya ke cika masa kunne da ita ran kasuwa. Don haka yana da haƙƙin sa baki a wannan musu. Hujjar da zan kafa guda ce: ba a cewa wata lasifika ta fi wata sai an faɗi inda za ta yi magana. Jerin masu sha'awar an tsara shi ne don falo rufaffe mai wutar da ba ta ƙiftawa. In aka ɗora shi a ma'aunin yammacin Zamfara, dangin ƙaho ne ke rinjaye, kuma ƙahon nan mai launin toka da ke saman hasumiya jininsu ɗaya da manyan da ke cikin jerin.

Lasifikar da muka sani a yau ta samo asali ne daga aikin injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, waɗanda suka bayyana ƙirarsu a 1925. Abin bai da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa kallon makaɗi yana ɗaure kotso. Akwai maganaɗisu a baya, akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe ta zobe-zobe, wadda masu gyara ke kira koyil, sai takarda mai siffar mazurari da aka manna a jikinta. Wuta na shiga koyil sai ta yi gaba ta yi baya, takardar ta kaɗa iska kamar yadda tantanin ganga ke yi, kunne ya ji sauti. Matsalar ita ce iska aba ce marar nauyi, takardar kuma tana dukanta ne kamar mai naushin hayaƙi. A lasifikar akwati ta gama-gari, abin da ke zama sauti daga ƙarfin wutar da aka ba ta bai fi kashi 1 cikin 100 ba, sau da yawa ma bai kai ba; saura zafi yake zama. Maganin wannan asara maƙeran kakaki da masu sassaƙa algaita sun san shi tun ba a san waya ba. Leɓen mai busa ba ya iya cika ƙofar fada da amo, amma in aka bi da iskar ta dogon bututu mai ƙunci a farko, mai buɗewa sannu a hankali har bakinsa ya yi faɗi, sai a ji shi daga bayan gari. Ƙahon lasifika wannan dabarar ce ba ƙari ba ragi, kuma yana ninka abin da ke zama sauti sau goma ko fiye.

Shi ya sa manyan farko a jerin duk ƙaho ne. A zamaninsu amfilifaya ta kwalba ce, mai zafi, mai tsada, kuma wat kaɗan take bayarwa, ga kuma gidajen silima masu ɗaukar ɗaruruwan mutane da ake son kowa ya ji abin da ɗan wasa ya faɗa. A 1945 kamfanin Altec Lansing ya fito da Voice of the Theatre don wannan aiki, ta kuwa mamaye silimun Amurka shekaru masu yawa. James B. Lansing, wanda sunansa ke jikin kamfanin, ya fita ya kafa nasa a 1946, shi ne JBL. A wannan shekarar ce Paul Klipsch, a wani ƙaramin gari mai suna Hope a jihar Arkansas, ya fara ƙera Klipschorn. Sauti mai kauri yana buƙatar ƙaho mai tsawon da ba zai shiga ɗaki ba, sai Klipsch ya nannaɗe shi cikin akwati, ya ce a jingina shi a kusurwar ɗaki, bango biyu su zama ƙarashen bakin ƙahon. (Mai zagayayyen ɗaki ko bukka dai ba rabonsa, don sai da kusurwa.) Har yau ana ƙera ta, kusan shekara 80 ke nan. Wat 1 tak yana sa ta fitar da sauti kimanin desibel 104 a tazarar mita 1, kuma an san Klipsch da cewa abin da ƙasarsa ke buƙata shi ne amfilifaya mai kyau mai wat 5. A Landan kuwa, kamfanin Tannoy da Guy Fountain ya kafa a 1926 ya yi suna ne da lasifikun sanarwa na sojoji da tashoshi da masana'antu, har Turawan Ingila suka mai da sunansa kalmar da suke kiran duk lasifikar sanarwa da ita. A 1947 ya fito da Dual Concentric, inda aka dasa ƙaramin ƙaho a tsakiyar babbar takarda domin siririn sauti da kakkaura su fito daga rami ɗaya. Masu kuɗin Tokyo na rububin tsofaffinta a yau, amma a tuna cewa daga aikin shela ta taso.

Juyin ya zo a 1954. Edgar Villchur, tare da Henry Kloss, suka kafa Acoustic Research suka fito da AR-1, sannan AR-3 a 1958. Dabarar Villchur ita ce a rufe akwatin ruf, a sassauta gefen takardar, a bar iskar da ke kulle a ciki ta riƙa mayar da ita mazauninta. Sakamakon ya ba kowa mamaki: akwatin da za a iya ɗorawa a kanta ya fitar da sauti mai kauri, tsaftatacce, irin wanda a da sai akwati mai girman firji. Zuwa 1966 kamfanin ya riƙe kusan kashi ɗaya bisa uku na kasuwar lasifika a Amurka. Sai dai ba a samun wani abu a banza. Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa injiniya Anton Hofmann, abokin aikin Kloss, cewa abu uku ne ake nema a lasifika, wato ƙaramin akwati da sauti mai zurfi da rashin cin wuta, kuma biyu kawai ake ba mutum ya zaɓa. AR ta zaɓi biyun farko ta sallama na ukun. Ta yi sa'a kuwa, domin ba da jimawa ba tiransisto ya sa wat ya yi araha, gidajen Amurka kuma ba sa tunanin ɗaukewar wuta. Daga nan kusan duk masana'antar ta bi wannan hanya. Ke nan lasifikar falo ta zamani an gina ta ne a kan zaton cewa wuta ba abin damuwa ba ce, zaton da bai taɓa zama gaskiya a bakin Gulbin Zamfara ba.

Biyu daga cikin jerin sun cancanci a tsaya a kansu, don su ne masu kunne suka fi yabo a kan muryar ɗan'adam. Quad ESL, wadda Peter Walker ya fitar a 1957, shekarar da Sashen Hausa na BBC ya fara magana, ba ta da koyil ba ta da maganaɗisu. Wata leda ce da ta fi fatar albasa sirantaka, an shimfiɗa ta tsakanin faranti biyu masu huji-huji, an ɗora mata wuta ta dubban bolt. Da yake ledar ba ta da nauyi, tana bin sauti ba jinkiri, kuma har yau akwai masu cewa ba a yi wadda ta kai ta tsabtar murya ba. An ci gaba da ƙera ta har 1985. Ita kuwa LS3/5A injiniyoyin BBC ne suka tsara ta a tsakiyar shekarun 1970 don motocin ɗauko shiri daga waje, inda wuri ya yi ƙunci. Tsayinta kusan santimita 30 ne, kayan cikinta na kamfanin KEF, BBC kuma ta ba kamfanoni irin su Rogers da Spendor da Harbeth lasin ƙera ta bisa sharaɗin kowace ta yi daidai da 'yar'uwarta. Burin shi ne mai haɗa shiri ya ji muryar mai magana yadda take, ba kwalliya. Babu mai hankalin da zai raina waɗannan biyu. Amma lissafi ba ya jin kunya. LS3/5A na ba da desibel 83 ne ko ƙasa da haka a wat 1. Ƙarin kowane desibel 3 na buƙatar a ninka wuta, saboda haka tazarar desibel 21 da ke tsakaninta da Klipschorn na nufin sai ta ci wuta fiye da ninki 100 kafin ta kamo ta, kuma kafin ta kai nan koyil ɗinta ya ƙone.

To, a kawo su yammacin Zamfara. A nan sauraro ba na mutum ɗaya a kujera ba ne. Na fili ne: ƙofar fadar Sarkin Zamfaran Anka ranar hawa, harabar masallacin Juma'a da sahu ya tumbatsa har kan titi, filin Idi, dandali, tasha, inuwar darbejiya inda ake ɗaurin aure. A fili babu bangon da zai dawo da sauti, kuma duk lokacin da tazara ta ninka, desibel 6 sun tafi. Wanda ke tsaye a mita 32 ya yi asarar desibel 30. Ƙahon da ya fara da 104 zai isa gare shi da 74, sama da ƙarfin hirar mutum biyu, wadda ke wajen 60. Akwatin da ya fara da 83 zai isa da 53, wato kukan akuya ɗaya ya binne shi. Sannan ga wuta. Jihar na ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wanda ke kula da Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, amma ƙauyuka da yawa layin bai kai su ba, kuma abin dogaron masallaci shi ne batirin mota da faifan sola ko ƙaramin janareta. A irin wannan wuri kowane wat kuɗi ne. Ga yanayi kuma: ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, zafin bazara da ke haura digiri 40, da laimar damina. Quad sai an jona ta da wutar gida kullum, kuma wuta mai dubban bolt jan ƙura take yi. Lasifikun da aka yi wa gefen takarda da soso, irin Advent da wasu Tannoy na shekarun 1970, ko a Turai soson ruɓewa yake bayan shekaru, balle a nan. Waɗanda aka yi wa gefe da ƙyalle, irin tsofaffin Altec da Klipsch, su ne ke jurewa.

Akwai kuma tambayar me ake saurara. Mai sha'awar Turai yana gwada lasifikarsa da ƙungiyar makaɗa mai mutum 80, yana neman ya ji inda kowane mai goge yake zaune. Sauraron ƙasar Hausa kuwa kalma ce a gaba. Gummi ta haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda tafsirinsa a Masallacin Sultan Bello na Kaduna ya ratsa Arewa ta Rediyon Kaduna, daga baya ta kaset, har rasuwarsa a 1992. Ko mai goyon bayansa ko mai saɓa masa, kowa ta lasifika ya san muryarsa. Makaɗan fada na wannan yanki, Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, kiɗansu shimfiɗa ce da aka yi wa magana, kuma gwanintar tana cikin habaici da kirari da yadda 'yan amshi ke karɓa. Harshen kansa ba ya yafe wa lasifika marar tsabta. Bambancin kara da ƙara, ko bari da ɓari, ɗan motsi ne a maƙogwaro. Garin mutane da garin tuwo kuwa tsawon wasali ne ya raba su. Baƙaƙen da ke bambance kalmomi suna zaune ne a tsakiya da saman sauti, daidai inda ƙaho ya fi ƙarfi. Tarihi ma ya bi da mu ta nan. Lokacin da aka kawo rediyo mai waya Kano a 1944, kamar yadda mai bincike Brian Larkin ya nuna, an kakkafa lasifiku a wuraren taruwar jama'a, mutane suna tsayuwa a ƙarƙashinsu suna saurare. Manyan rakodoji da akwatunan Japan sun yawaita a gidajen ma'aikata ne bayan kuɗin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, karyewar naira daga 1986 kuma ta mai da mafi yawan masu saye wajen kayan gwanjo. Lasifikar falo baƙuwa ce da ta zo daga baya. Ta fili ce 'yar gida.

Sunayen da ke jikin wannan 'yar gida ba sa shiga jerin masu sha'awa, amma duk mai sayar da kayan wuta a Gusau ko Sabon Garin Kano ya san su. TOA kamfanin Japan ne da aka kafa a birnin Kobe a 1934, kuma a Indonesiya sunansa ya zama kalmar da ake kiran lasifikar masallaci da ita, kamar dai yadda Tannoy ta zama a Ingila. Ahuja kuma na Indiya ne, tun 1940. A sauko da ɗaya daga hasumiya a duba. Bakinta faffaɗan kwano ne na alminiyom, rana ta dafe fentinsa. A tsakiya akwai wani dunƙule kamar kan tulu: sauti na fitowa daga baya ya yi gaba, ya bugi dunƙulen ya koma baya, sannan ya sake juyowa ya fita ta babban baki. Wato an nannaɗe dogon ƙaho ne cikin gajeren wuri, irin dabarar da Klipsch ya yi da katako. A bayanta akwai wani ƙarfe mai nauyi da ake murɗawa a cire, masu gyara na ce masa yunit. In ladan ya yi kira aka ji shiru ko gurnani, mai gyaran rediyo zai kwance 'yan kusoshi, ya kakkaɓe gidan zanzaro da ya toshe maƙogwaron, ya ciro ɗan tantanin da koyil ke manne a jikinsa, ya ga wayar ta yi baƙi, ya sa sabo, ya goge ramin maganaɗisun da takarda, ya liƙa waya biyu da dalma. Kafin la'asar ta koma bakin aiki. Abin da masu tara tsofaffin Altec da JBL ke taƙama da shi ke nan, cewa kayansu ana buɗewa a gyara, ba a jefarwa.

Mai kunne zai ce an yi sakin layi. Maganar da ake yi ta lasifika mai tsabtar sauti ce, ƙahon masallaci kuwa ba ya fitar da kaurin sauti sam, yana mai da murya kamar ta mai mura, in aka sa masa Ɗanƙwairo sai gindin kotson ya ɓace a bar mutum da ƙwanƙwasa. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce Ahuja ta kai Klipschorn ba. Ƙanwa ce da aka rage wa gado don ta yi araha ta jure ruwa da rana. Amma rabin munin da ake ji daga hasumiyoyinmu ba laifin ƙahon ba ne. Ana murɗa amfilifaya har ƙarshe, alhali in ta wuce iyakarta datse kan sautin take yi, murya ta tsage, koyil ya yi zafi ya ƙone. Ana cusa makirufo cikin baki. Ana jona ƙaho huɗu ko shida a waya ɗaya ba tare da duba ko amfilifayar za ta ɗauka ba. Ana kafa biyu suna fuskantar bangon da ke dawo da amo, kalma ta hau kan kalma. A nan ne tsofaffin gwanayen ke da darasin da ya fi akwatunansu daraja. Gilbert Briggs na kamfanin Wharfedale ya cika zauren Royal Festival Hall na Landan a 1954 yana sa makaɗa su yi kiɗa, sannan a sa naɗaɗɗen sauti, jama'a su gwada. AR ma ta yi irin wannan da makaɗan Fine Arts Quartet. Ma'auninsu amana ce: an ba ki murya, ki mayar da ita yadda aka ba ki. Ƙara ba ta cikin lissafin. Ko a Saudiyya, a 2021 ma'aikatar harkokin addini ta ba da umarnin kada ƙarfin lasifikun waje na masallatai ya wuce kashi ɗaya bisa uku. Masana lafiyar kunne kuma sun daɗe da sa iyaka a wajen desibel 85 na awa 8, kuma yaron da ke zaune gindin akwati a wurin biki yana shan abin da ya wuce haka nesa.

Wani kuma, musamman matashi, zai ce duk wannan begen tsohon zamani ne. Yana da hujja. Floyd Toole, wanda ya yi bincike a hukumar binciken kimiyya ta Kanada kafin ya koma kamfanin Harman, ya nuna cewa in aka sa labule tsakanin mai sauraro da lasifika, hukuncinsa kan canza. Ido na ganin suna da girman akwati sai kunne ya bi shi. Wasu tsofaffin da ake wa kirari, in aka auna su da na'ura, ana samun ƙwanƙwasa da rami a sautinsu, JBL L100 ta 1970 a cikinsu. Hatta maganaɗisun alniko da masu tarawa ke rantsuwa da shi, abin da ya sa kamfanoni suka bar shi ba ya rasa nasaba da rikicin Kolwezi a Zayar a 1978, wanda ya sa farashin kobalt, da ake haɗa alniko da shi, ya yi tashin gwauron zabi. Ba wani sirri aka ɓatar ba. Ga kuma sababbin amfilifayoyi da ba sa ɓarnar wuta, ga batirin litiyom, ga akwatin Bluetooth mai taya da kowane mai shayi ke da shi. Duk an yarda. Sai dai sabuwar fasaha ba ta soke ƙa'idar Hofmann ba, kuma tazara har yanzu tana cin desibel 6 ɗinta. Yawancin akwatunan nan masu walƙiyar fitilu an ƙara musu kaurin sauti da gangan don su burge mai saye a cikin shago, kaurin kuma shi ke danne kalma. Dubban wat da ake rubutawa a kwalinsu ba sa jituwa da girman batirin da ke ciki. Da yawansu kuma liƙe suke da gam, ranar da batiri ya kumbura ko allon ciki ya ƙone an gama. Ƙahon da aka ɗaure a hasumiya tun zamanin da Zamfara ke cikin jihar Sakkwato, kafin 1996, yana iya zama har yau yana kira.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na wanda zai ce yankin da 'yan bindiga suka hana noma da barci ba shi da lokacin zancen tsabtar sauti. Ina ganin akasin haka ne. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara na tsawon makonni. Wayar hannu ta zama fitila da agogo. Abin da ya rage na isar da saƙo ga jama'a shi ne rediyo da ɗan aike da bakin ƙaho, kuma a ranar da sanarwa ta shafi rai, bambanci tsakanin kalmar da aka ji sarai da wadda ta tsage ba abin wasa ba ne. Wannan yanki kuma ya san wani abu da ya shafi teburin mai gyara kai tsaye. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano ta a Bagega. Dalmar da ke cikin batirin mota da wadda ake liƙa waya da ita dangin waccan ce. Lasifikar da ba ta cin wuta tana sa batiri ya daɗe, tsohon batiri kuma ba abin fasawa ba ne a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Saura wuri ɗaya da lasifikar BBC da 'yan'uwanta ke da gurbi a ƙasar nan, kuma ba falon attajiri ba ne. Lasifika komai kyanta ba ta iya dawo da abin da babu shi a faifai. Waƙoƙin Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗan Anace da ke yawo a wayoyi yau kwafi ne na kwafin kwafi: daga zaren gidan rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset a shagon mai ɗauka, daga nan a matse su cikin memori, kowane mataki yana aske wani abu. Matasa da yawa na zaton haka muryoyin suke, a dushe, alhali hanya ce ta cinye su. Zarurrukan asali da suka rage a gidajen rediyon Arewa, Rediyon Kaduna a kan gaba, su ma zafi da ƙura ba su ƙyale su ba. Aikin juye su zuwa kwamfuta yana buƙatar ƙaramin ɗaki shiru da lasifika mai faɗin gaskiya, wadda za ta nuna wa mai aikin inda zare ya ja da inda murya ta tsage, wato ainihin aikin da aka ƙera LS3/5A dominsa. Sassan nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Gusau su ne ya kamata su shige gaba, masarautun da aka yi wa waɗannan waƙoƙi kuma su sa hannu a aljihu.

In dole sai an naɗa sarauniya daga jerin masu sha'awa don wannan ƙasa, Altec Voice of the Theatre ce: an yi ta don taro, tana isar da magana da wat kaɗan, tana da kaurin da zai riƙe kotso da taushi, kuma ana kwance ta a gyara. Klipschorn na biye mata ga mai soro mai kusurwa biyu. Quad a bar wa Ingila kayanta. Ga kwamitocin masallatan Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa, kafin a tara kuɗin sayen sabuwar amfilifaya, a sauko da ƙahon a share shi, a kira mai gyara ya duba yadda aka jona wayoyin, a ja makirufo baya da taƙi ɗaya daga bakin liman, a rage murɗin zuwa rabi, sannan a tura mutum ƙarshen sahu ya tsaya ya faɗi ko yana jin kowace kalma.